Kwana Takwas A Garuruwan Jigawa Da Daura: Abin Da Ni Da Uwargida Muka Gano

Akwai wani hali da ya zama ruwan dare a tsakaninmu, musamman mu da neman abinci ya kai mu Ikko ko Badun ko Fatakwal muka daɗe a can. Sai ka sami mutum ya san lungunan Jidda, ya san inda ake sayar da gwal a Dubai, amma in ka tambaye shi ina ne Garun Gabas, ko me ya sa ake kiran Jihar Jigawa da wannan suna, sai ya yi zuru. Ba da kowa nake ba, da kaina nake. Shekara talatin na yi ina aiki a Ikko, kowace Sallah mukan zo gida Kano mu yi gaishe-gaishe mu koma, ban taɓa taka ƙafata gabas da Wudil ba.

Uwargida ce ta kawo ƙarshen wannan sakaci. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Haɗejiya. An kawo ta Kano aure tana yarinya, cikin jirgin ƙasa daga tashar Malam Madori, ba ta sake komawa da zama ba har ta rasu. Kullum takan ba 'ya'yanta labarin wata fadama da ke bayan garinsu, inda ruwa kan malalo bayan damina, ana kama kifi har cikin gonakin shinkafa, tsuntsaye kuwa in sun tashi sai su tare rana. Da na yi ritaya muka dawo Kano, wata rana bayan lisha sai uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, tun muna Agege ka yi mini alkawari za ka kai ni in ga garin Inna. Ga shi furfura ta cim mana. Ko sai ranar da babu mai iya tafiya a cikinmu?" Ban sami abin cewa ba. Kashegari na kai motata wurin makanike.

Da yake tafiyar ta zama dole, sai muka ga gara mu mai da ita ta buɗe ido, mu tsaya duk garin da hanya ta bi da mu. Muka zaɓi lokacin hunturu, sa'ad da an gama kaka, hanyoyin ƙauye sun bushe, baƙin tsuntsaye kuma sun sauka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023 kuɗin mai ya zama abin da sai an zauna an yi lissafi, don haka muka rage wasu hidimomi na wata uku kafin mu tara guzuri. Haka kuma muka tambayi direbobin tasha a kan lafiyar hanya, gama duk wanda ya san halin da wasu hanyoyin yammacin Katsina da Zamfara suka shiga saboda 'yan bindiga ba zai ɗauki iyalinsa ya kama hanya ido rufe ba. Dokar da muka kafa wa kanmu ita ce kada magariba ta riske mu a daji. Daga nan muka jera kwanakin tafiyar bisa ranakun kasuwa, domin garin karkara ba a ganin ainihin ƙarfinsa sai ran da kasuwarsa take ci.

Wudil, Gaya Da Dutse

Ran Juma'a muka yi sammako. Kafin hantsi mun iso Wudil, muka tarar kara ta cika maƙil, tireloli sun yi layi ana loda musu shanun da za a kai Kudu. Uwargida ta yi dariya ta ce ashe naman da muka yi shekara da shekaru muna saye da tsada a Ikko daga nan ƙofar gida yake tashi. Muka haye gadar kogin Wudil. Mai karatu ya riƙe wannan kogi a ransa, domin shi ne wanda zai zama kogin Haɗejiya, kuma za mu sake gamuwa da shi a gaba.

Muka yi sallar Juma'a a Gaya. Gari ne tsoho ƙwarai, har masu tarihi suna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna haƙar tama, watau Abagayawa, daga nan suka tashi. A labarin Bayajida ma, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Daura da ita. Na tsaya a wata maƙera na sayi 'yar wuƙa da lauje, maƙerin yana ta mamakin abin da mai babbar riga zai yi da lauje.

Da la'asar muka ratsa Shuwarin muka shiga Dutse. Bayan doguwar tafiya cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai ga duwatsu ƙatta-ƙatta sun hau kan juna, dabino ya kewaye su. Tsohon garin, wanda ake kira Garu, yana can a tsakanin duwatsun tare da fadar Sarki, kuma wanda ya hau can ya duba ƙasa zai gane dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi wurin, domin mahayi ba zai tunkaro garin ba a gan shi tun daga nesa ba. Kafin ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse ƙaramin gari ne na hakimi da manoma. Zamansa hedkwata ya kawo masa sakatariya da faffaɗan tituna, sa'an nan aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Duk da haka garin bai rabu da natsuwarsa ba. Da dare muna zaune a ƙofar masauki muna cin ɗanyen dabino, uwargida ta ce rabon da ta ji shiru irin wannan tun tana amarya.

Zanen Da Ke Kogon Birnin Kudu

Ran Asabar muka gangara Birnin Kudu. Yawancin mutane sun san garin ne saboda kwalejin gwamnati da ke can, wadda ta yaye manyan mutane da dama, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. Amma abin da ya kai mu ya girmi kwalejin nesa ba kusa ba. A jikin wasu koguna na Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen da suka yi da jan launi. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ya bazu da labarinsu a duniya cikin shekarun 1950. Abin lura shi ne shanun da aka zana ba su da tozo, ga dogayen ƙahoni. Wannan ya nuna irin dabbar da ake kiwo a wannan ƙasa ke nan kafin shanu masu tozo da muka sani yau su mamaye ta.

Wani saurayi ɗan unguwar ne ya yi mana jagora. Ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa jikin wani falalen dutse, sai ga amo ya tashi kamar an buga kuge, ya matsa gefe ya sake bugawa, muryar ta sauya. Duk inda ake bugun ya lotsa ya yi santsi, alamar hannaye sun daɗe suna aiki a wurin. Masu binciken farko sun rubuta cewa a da akwai al'adar kai amare wajen duwatsun nan lokacin biki. Da uwargida ta ji haka sai ta karɓi dutsen ta buga da kanta, ta ce ita ma a rubuta ta zo, ko da yake ta makara da shekara talatin da biyar.

Amma fa na bar wurin da damuwa. Zanen ya dusashe, wani sai an nuna maka da yatsa kafin ka gane shi, ga kuma rubuce-rubucen yara da gawayi a kusa da shi. Ko a bakin titi ba mu ga abin da zai sanar da baƙo cewa yana wuce irin wannan taska ba. Ginin da ya rushe ana iya sake tayar da shi, amma zanen nan in ya goge babu mai mayar da shi.

Daga Gujungu Zuwa Haɗejiya

Ran Lahadi muka bi ta Kiyawa da Jahun muka nufi Gujungu. A wannan hanya ne na fahimci sunan jihar. Ƙasar tana tafiya ne tudu da kwari: ka hau doguwar jigawa ta rairayi inda ake noma gero da wake da riɗi, ka gangara fadama mai baƙar ƙasa inda ake shinkafa da kayan lambu, ka sake hawa wata. Masana sun ce waɗannan jigayi tarin yashi ne da iska ta jera tun wani zamani mai nisa da ƙasar ta fi haka bushewa. Ko'ina ka duba sai gawo ya yi kore shar a tsakiyar gonakin da aka girbe, gama shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi, tunda ba ya tare wa shuka rana, ga taki ga abincin dabbobi.

Kasuwar Gujungu ran Lahadi take ci, kuma hatsin da na gani a can ban taɓa ganin irinsa wuri guda ba. Ga buhunan riɗi, ga na zoɓo jawur, wanda 'yan kasuwa ke fitarwa har ƙasar Meksiko. Uwargida ta sayi tiya biyu na riɗi, ta yi ciniki kamar za a yi faɗa, suka rabu da mai kayan suna dariya. A nan ne kuma aka tuna mana da abin baƙin cikin da ya auku a Majiya, wadda take ƙaramar hukumar Taura ɗaya da Gujungu, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu sun je kwasar man da ya zube. Muka yi musu addu'a. Daga nan har muka gama tafiyar, in na hango tanka sai in ja baya in ba ta fili.

Da yamma muka shiga Haɗejiya. Mutanen garin suna cewa sunan ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya, waɗanda suka fara zama a wurin. Uwargida ta ce ko ba komai mutanen da sun san darajar mace, tunda ba su bar sunan Jiya a baya ba. Kafin jihadi ƙasar nan 'yan ƙananan sarautu ce a ƙarƙashin Barno, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya kanta, sai Fulani suka haɗe su a farkon ƙarni na 19. Haɗejawa mutane ne masu alfahari da jaruntaka, kuma suna da hujja. Sarkinsu Buhari ya bijire wa Sakkwato, ya hana ƙasar Kano ta gabas barci har ya rasu a 1863. Sa'an nan bayan Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, Haɗejiya ba ta miƙa wuya ba sai da aka gwabza a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu a wurin yaƙin tare da jama'arsa da yawa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Wani dattijo ya zaga da mu wasu ƙofofin garin, yana ba da labarin kamar jiya aka yi.

Garin Inna

Ran Litinin ce ranar da aka yi tafiyar dominta. Tun asuba uwargida ta shirya, ta ɗaure goro da sabulu da turmin atamfa. Muka bar kwalta muka hau burji, daga burji muka faɗa yashi, har sau biyu samari suna tura mu. Da muka isa ƙauyen muka fara sauka a ƙofar mai gari, kamar yadda ya kamata ga baƙo. Na yi bayani, uwargida ta faɗi sunan kakanta da sana'arsa. Aka yi shiru, aka dubi juna, domin duk waɗanda ke zaune a wurin ba a haife su ba sa'ad da aka tafi da Inna. Can sai mai gari ya ce a kai Hajiya wurin wata tsohuwa a bayan masallaci.

Ni ban shiga ba, a zaure na tsaya. Abin da na ji kawai shi ne salati, sa'an nan kuka. Ashe tsohuwar ƙawar Inna ce, tare aka yi musu kitson sallah suna yara, tana cikin waɗanda suka raka ta har tasha. Idonta ya tafi, amma da ta shafa fuskar uwargida sai ta kira ta da sunan mahaifiyarta. Kafin azahar an tara mana dangin da ba mu san da su ba, jikokin ƙanin kakanta, aka kawo dambu da soyayyen kifi, kowa yana cewa, "Sannu da zuwa, Yaya."

Da la'asar suka kai mu fadamar. Uwargida ta tsaya ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Malam, ba ita ce ba." Ita ce kuwa, sai dai inda Inna ta bar ruwa fili, yanzu wata doguwar ciyawa ce da ake kira kacala ta tsaya kamar bango, ta fi mutum tsawo, iyakar ganinka.

Ga yadda abin ya faru. A da kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malala cikin fadamu, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe. Wannan cika da janyewa shi ne arzikin mutanen wurin: masunci ya yi su, manomi ya bi sawun ruwa ya shuka, makiyayi ya zo daga baya ya sami ciyawa. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sauya. Madatsun sun amfani jama'a ƙwarai, su ke shayar da birnin Kano, su ke ba da ruwan noman rani a Kadawa da Kura da Auyo. Amma malalen damina ya ragu, sa'an nan ruwan da ake saki da rani ya hana wasu magudanai bushewa, kacala kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta, har ya zama wani gari yana kukan ruwa ya ƙi zuwa, maƙwabcinsa yana kukan ruwa ya ƙi tafiya. Daɗin daɗawa cikinta ne tsuntsayen jan baki ke kwana, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero. In kuma aka sami damina mai ƙarfi, kamar ta 2020 da ta 2022, ruwan ya rasa hanya sai ya faɗa gonaki da gidaje. Wani daga cikin sababbin surukaina ya nuna mini iyakar inda ruwan 2022 ya kai a jikin bangon ɗakinsa, daidai ƙirjina. Ya ce duk shekara sukan yi gayya su shiga da adda da lauje su buɗe magudana, kafin wata shekara ta sake rufewa. Na ciro laujen nan na Gaya na ba shi, muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Don kada uwargida ta koma da baƙin ciki, kashegari da sassafe muka tafi Baturiya, dajin tsuntsaye da ke ƙasar Kiri Kasamma, wanda aka sa cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2008. Muka shiga kwalekwale. Ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, ga kuma wasu ƙananan agwagin ruwa da ke tasowa tun daga Turai, su ƙetare hamada su yi hunturu a nan, su koma in zafi ya gabato. Mai tuƙinmu ya buga filafili a jikin jirgin, sai garke guda ya tashi lokaci ɗaya, inuwarsu ta gilma a kanmu. Uwargida ta ɗaga kai ta ce, "Inna ba ta yi ƙarya ba."

Garun Gabas Da Malam Madori

Ran Laraba muka yi sallama da Haɗejiya bayan mun cika but da bandar tarwaɗa. Muka ratse Garun Gabas. Wannan ɗan gari shi ne Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai da kowane ɗan firamare yake haddacewa tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Bisa ga labarin, a nan Bayajida ya bar matarsa 'yar Sarkin Barno da tsohon ciki sa'ad da ya gudo, ta haifi Biram, shi kuwa ya yi gaba. Malaman tarihi na zamani suna ɗaukar labarin a matsayin hikaya mai ɗauke da ma'ana, ba su ɗauke shi kamar abin da aka rubuta ranar da ya faru ba. Ko ma dai yaya ne, sauran shidan sunansu ya cika duniya, wannan kuwa in ba a faɗa maka ba sai ka wuce shi kana tsammani ƙauye ne kamar kowane. Uwargida ta ce, "To Malam, kai ma nan za ka ajiye ni ka wuce Daura?" Na ce ai ni ba ni da doki, kuma ita ke riƙe da kuɗin mai.

A Malam Madori muka nemi tashar jirgin ƙasa. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Ringim da nan, kuma gyaɗa ce ta jawo shi. Garin kansa dogo ne ya raya shi, kamfanoni suka buɗe kantuna da ma'auni, mutane suka taru. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ƙasa kuma ta koma dogaro da man fetur, sai cinikin ya mutu, manyan motoci suka ƙwace sauran kayan. Mun tarar da awaki kwance a kan dogo. Uwargida ta tsaya a dandamalin da mahaifiyarta ta tsaya da lefenta, ta sa na ɗauke ta hoto don jikoki.

Gumel Da Maigatari

Daga nan muka yi arewa maso yamma zuwa Gumel. Ƙasa ta ƙara yin fari, itatuwa suka ragu, sai kuka da aduwa da kaba. Jefi-jefi mukan ratsa dogayen layukan darbejiya da turare da aka dasa bayan farin shekarun 1970 da 1980 don kare gonaki daga iska, wasu suna nan da kyau, wasu masu itace sun yi musu giɓi. Gumel ta bambanta da maƙwabtanta, domin sarakunanta Mangawa ne, an kafa sarautar wajen 1750, kuma Barno ta bi. Duk yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ba su sa ta karɓi tutar Sakkwato ba. A nan tayarmu ta yi faci, wani yaro mai faci ya gyara ta, da na ba shi kuɗi da ɗan ƙari sai ya mayar mini da ƙarin, ya ce, "Baba, ai kai baƙo ne."

Ran Alhamis muka tafi Maigatari, a bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. Wanda bai ga kasuwar dabbobin nan ba, ba zai yarda da labarinta ba. Raƙuma fage guda, dawaki fage guda, ga shanu da tumaki da jakuna, ga Buzaye da rawunansu, ga Fulani, ga fatake daga Kudu, ana ciniki da naira da sefa. Wani dillali ya gaya mini irin wuyar da suka sha sa'ad da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, 2023, kafin Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris, 2024. Ya ce shi kansa gonarsa tana wannan gefe, surukansa suna wancan. Shawarar da aka yanke a Abuja da Yamai, a tukunyar mutumin Maigatari ta fara bayyana.

Kusugu Ran Juma'a

Muka bi ta Ɓaɓura da Ɓaure da Zango. Garuruwan nan biyu na ƙarshe su ne inda sarakunan Haɓe na Daura suka koma bayan Fulani sun ci garin wajen 1805, har Turawa suka zo suka mayar da zuriyarsu kan gadon sarauta. Mun shiga Daura ran Juma'a, kuma da gangan muka yi haka, gama a labarin ran Juma'a kaɗai macijiyar take barin mutane su ɗebi ruwa. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gari, an gina mata ɗaki an kewaye ta. Aka miƙa wa uwargida guga, ta zura ta jawo da kanta, muka sha, ta cika 'yar jarka don yara. Bayan masallaci muka wuce ta unguwar da gidan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yake, inda aka binne shi a watan Yuli na 2025, muka yi masa addu'a daga waje.

Ran Asabar muka kamo hanyar gida ta Kazaure, garin da Ɗantunku ya kafa sarautarsa a 1819, mai tsaunuka da madatsar ruwa a gefensa. A hanya muka riƙa ganin aikin sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina. Na tuna da awakin Malam Madori, na roƙi Allah ya sa wannan dogo ya sami kayan da zai riƙa ɗauka da masu kula da shi.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne, kowane ɗaya daga garuruwan nan da abin da ya tsayar da shi: wani kogi, wani dogo, wani kasuwar iyaka. In an taɓa wannan abu daga nesa, ko da kyakkyawar niyya, mutanen wurin ne ke ɗaukar nauyin, mu kuwa na birni muna cin shinkafarsu da kifinsu da namansu ba mu san halin da suke ciki ba. Saboda haka ina kira ga hukumomin da abin ya shafa su riƙa sakin ruwan madatsu da shawarar mutanen da ke ƙasan kogi, su taimaka musu da injunan share kacala a kan kari, su kuma sa masu gadi da alluna a wuraren tarihi tun ba su shafe ba. Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, in kun zo hutun Sallah ku ware ko kwana biyu, ku ɗauki iyali ku fita. Ku yi sammako, ku riƙe katin shaida saboda shingayen hanya, ku duba safaya taya, ku sauka a ƙofar mai gari kafin ku shiga ko'ina.

Mun iso Kano da la'asar lafiya lau. Tsohuwar nan ƙawar Inna ta sa uwargida ta yi mata alkawarin kawo mata jikoki kafin azumi, kuma an riga an gaya mini cewa wannan alkawari ba zai yi shekara talatin ba. Allah ya ba mu ikon cikawa, ya kiyaye matafiya duk inda suke, amin.